Tebur na Tara

Fenella ta ce in zo da ƙarfe huɗu.
Uku da rabi ta yi mini a bakin ƙofa,
kwali biyu a hannu, gumi a tafin hannun duk da sanyi.
Tsohon sito ne a gaɓar ruwan Bristol,
an wanke shi, an rataya masa fitilu,
an yafa wa tebura goma sha biyu farin ƙyalle.
Nawa na tara, dab da hanyar banɗaki.

Masu giyar inabi sun riga ni.
Kwalabensu a jere, a tsaye ƙiƙam,
kamar 'yan firamare ranar duba farce.

Biyar da kwata 'yan jarida suka shigo,
kowa da sunansa rataye a wuya.
An gargaɗe ni: ba ci ya kawo su ba, ɗanɗano.
Sai su juya kofi, su cusa hanci,
su kurɓa, su kuskure baki,
su lumshe ido kamar mai tuno wanda yake bi bashi,
sannan su tofar a wani bokitin azurfa.
A gidanmu, ka tofar da abin da aka ba ka,
da zafin kunne za ka kwana.
Nan kuwa albashi ake biya.

Wani ya ce yana jin ƙamshin icen da ruwa ya daka.
Wata ta ce a'a, fatar tsohuwar jaka ce.
Duka suka rubuta.

Ni kilishi na kawo,
an yanka mini shi ƙanana kamar kan sarki na wasiƙa.
Fenella ta raɗa mini: Lantana,
kaya ba ya tashi sai da labari.
Ce musu rana. Ce musu hamada. Ce musu kakarki.
Kakata dai keken ɗinki ta taka har ta koma ga Allah,
kilishi ma a garinmu sana'ar maza ce.

Can sai ga wani dattijo, Pendry,
alƙalami a bayan kunne, jan ɗigo a kwalar riga.
Ya ɗauka, ya tauna, ya daɗe yana taunawa.
Ƙuli ya gaishe shi da fara'a,
barkono ya jira shi a maƙogwaro.
Hawaye. Tari.
Aka miƙo masa ja a dogon kofi,
wai wannan ne abokin tafiyar naman.
Ya girgiza kai. Idonsa na ƙarƙashin teburina,
inda na ɓoye filas ɗin zoɓo
mai citta da kanumfari, na jiƙa nawa maƙoshin.
A murfin na zuba masa.
Ya sha.
Yaron bokiti ya matso da sauri,
ya tsaya, ya jira,
ya koma.

Wace rana ce ke busar da shi? in ji dattijon.
Na ce obin ne, Malam.
Awa tara, da muciya a saƙale a ƙofar don tururi ya fita.
Naman na wani mahauci Basomale ne a Easton.
Rana kuwa, tun Oktoba rabona da ita.
Murmushin Fenella ya sandare a inda yake.

Ranar Lahadi, shafi na talatin da ɗaya, layi uku:
naman da ranar Sahara ta gasa,
sirrin da kaka ta bar wa jika.
Sunana ma sun ci harafi ɗaya.
A tsaye na karanta, a kicin,
takardar kuɗin wuta a danne da kwalbar yaji.
Kafin azahar an yi odar ƙunshi sittin.
Na yi dariya har na zauna a kan buhun gyaɗa,
ban san ko ta daɗi ba ce.

Zoɓo, ko kalma ɗaya.
Sai jiya da dare waya ta yi ƙara.
Pendry ne. Wai layukan ba haka ya miƙa su ba,
wai kuma jan ruwan nan na murfi,
kwalba biyu nawa ne?

Ban ba shi amsa ba tukuna.
Ina lissafi.